Makunnin da Ya Manta Bai Cire Ba

Ni na sayar masa da ƙwayayen fitilar. Da wannan zan fara, don duk wanda zai ji abin da ya sami Yaya ya san da hannuna a ciki.

A shagon kayan lantarki nake aiki. Mai shagon tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tsani yana ja wa mutane waya a gidaje, kowa Baba Mai Wuta yake ce masa. Ya yarda in riƙa zuwa da goyona in shimfiɗa masa tabarma a bayan kanta. Ɗana yana da wata huɗu ranar da mijin yayata ya shigo.

Injiniya muke ce masa, ko da yake a ofis yake zaune, ban taɓa ganin filaya a hannunsa ba. Ya tsaya gaban allon da muke jera sababbin ƙwayayen fitila, irin waɗanda ake haɗawa da intanet ɗin gida a sarrafa su daga waya. Ka kunna, ka kashe, ka rage haske, ka canza launi, ko da kana wani gari. Akwai masu jin motsi, waɗanda in mutum ya shiga ɗaki sai su sanar da wayar. Su ya zaɓa, guda goma sha ɗaya, har da na banɗaki da na sito.

Na zolaye shi na ce ko gidan rawa zai buɗe ne. Ya yi dariya ya ce hutu yake nema wa yayata, ta daina tashi daga kan keken ɗinki don kunna fitila. Har raina na ji daɗin maganar. Baba Mai Wuta ya juya ƙwai ɗaya a tafinsa, ya ce shi dai bai yarda da fitilar da ke kai tsegumi ba. Muka yi masa dariya muka ce tsufa ne.

Ranar Asabar na je na haɗa musu. Wayarsa tana caji, sai na buɗe gidan a manhajar wayata, na sa wa kowane ɗaki suna, daga baya na miƙa masa ragamar, na manta ban cire kaina ba. Na yi musu bayanin doka ɗaya da waɗannan ƙwayaye suke da ita: makunnin bango a bar shi a kunne kullum. In aka kashe shi, ƙwan ya mutu, waya ba ta isa gare shi, kuma nan take za ta sanar da mai ita. Da na nemi wayar Yaya in saka mata, sai ya ce ba buƙata, direba biyu ba sa tuƙa mota ɗaya. Na kalli Yaya, ta yi murmushi, ni ma na bar maganar.

To mu a gidanmu ba a barin fitila a ɗakin da ba kowa. Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ko daga barci ya tashi ya ga haske a kicin sai ya tambayi wane ne sarkin da ake haska wa tukwane. Yaya ce babba, ita ta fi shan faɗan. Har ta girma, in za ta fita daga ɗaki hannunta ne ke zuwa bango da kansa, ba ta ma san ta yi ba.

Satin farko da dariya ta ba ni labari a waya. Wai sau shida ta kashe a yini ɗaya, sau shida ya kira ta daga ofis. Sati na biyu ta ce ya lilliƙe makunnan da salatif, amma ko ta saman salatif ɗin ma hannunta yana dannawa. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Sati na uku ta zo shago da 'yarta. Shekarar yarinyar biyar, Aku muke ce mata saboda surutu, in ta fara zuba sai ka roƙe ta ta sha ruwa. Ranar ta shigo ta gaishe ni da kai kawai. Hannun daman Yaya a naɗe da ɗankwali, ta ce allurar keke ce. Ni ma na taɓa taka keke, allura ba ta kumbura bayan hannu.

Akwai ƙwan talla a saman kantarmu da ke zagaya launuka da kansa. Yana fari, ya koma shuɗi, ya koma kore. Da ya kai kan ja, sai na nemi Aku na rasa. Na same ta a ƙarƙashin kanta kusa da jaririna, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, fitsari yana bin ƙafarta har kan tabarma.

Baba Mai Wuta ya miƙa hannu ya zare ƙwan tallan, ya ce bari ya je ya sha shayi, ya bar mana shagon.

Na warware ɗankwalin. Shatar bulala ce layi-layi, wasu sun yi baƙi, wasu sababbi, ɗaya ta fashe tana ruwa. Yaya ta faɗa min a hankali, idonta a kan kwalayen soket. Injiniya ya daina kiranta a waya, da launi yake mata magana. Fari, lafiya. Shuɗi, ya taso daga ofis, abinci ya zama yana kan tebur. Rawaya, ta daɗe a ɗakin ɗinki, ta tashi. Ja kuwa, ta jira shi. In ya dawo sai ya sa ta ɗora hannu a bango kusa da makunnin da ta kashe, ya ninka wayar caji biyu, ya ƙirga mata gwargwadon yadda wayarsa ta nuna. Yana yi ba ya ɗaga murya. Cewa yake hannun da ya yi laifi shi ke karɓar hukunci, ita ba ruwanta.

Na tambaye ta kashe fitila har ya kai haka? Ta ce a wurinsa ba fitila take kashewa ba, ido take rufe masa. In ƙwan falo ya mutu minti ashirin, sai ya ce wa ya shigo a minti ashirin ɗin. Matan da ke kawo ɗinki ma ya hana su zuwa, wai motsi yana yawa a falo, ba ya gane na wane ne.

Yammacin ranar na tafi wurin Ummanmu. Na same ta kwance a ƙarƙashin ƙwan da surukinta ya ba ta kyauta, tana nuna wa maƙwabciya yadda yake komawa kalar ruwan zuma. Na jira baƙuwar ta fita na faɗa mata komai. Ta ce harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma za ta kira shi.

Ya zo da ledar lemo da ayaba, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya ce tsari yake koya wa iyalinsa, gidan zamani ba a tafiyar da shi da halin da. Ya ce sau nawa zai faɗi abu ɗaya, ko ɗan makaranta aka yi wa bayani sau goma ai ya ɗauka. Hannun kuwa, wai ita ta buge da murfin tagar kicin, shi dai ya ɗan taɓa ta sau ɗaya cikin ɓacin rai, ya kuma ba ta haƙuri. Har takardar asibiti ya fito da ita, wai jininsa ya hau saboda taurin kanta. Ya juyo gare ni yana murmushi ya ce ga ƙanwarsa nan shaida, ita da bakinta ta ce kada a taɓa makunnin.

Na ce na faɗa, amma ban sayar masa da bulala ba.

Umma ta daka min tsawa ta ce ba a yi wa babba haka. Sannan ta dubi Yaya, wadda ke zaune a bakin gado ta ɓoye hannu cikin mayafi.

"Ke ma ki daina taɓa abin mana. Mutum ya kawo miki ci gaba har gida, sai ki tsaya kina ja da bango?"

Yaya ta ce to.

Kai ƙarar da na yi, ita ta biya. Ya karɓe wayarta, wai ni nake hure mata kunne. Ya kira wani mai gyara daga nesa, don kada Baba Mai Wuta ya ji, aka cire makunnan gidan duka aka rufe ramukan da farar roba. Yanzu ko tana so ba ta da abin taɓawa. Ɗakin ɗinkinta taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo, in ya kashe daga ofis ko zare ba ta iya sakawa a allura. Tana wanka sai ya ɗauke hasken banɗaki. In ta kwanta da rana sai ya riƙa kunnawa yana kashewa har ta tashi. Duk wannan daga baya na sani. Wata guda ban ji muryarta ba, in na kira shi sai ya ce lafiya ƙalau, tana aiki.

Wata safiya ina haɗa wa wani mai saye nasa ƙwayayen, na buɗe manhajar a wayata, sai ga "Gidan Yaya" a jere, yadda na rubuta shi da hannuna. Na sallami mutumin na shiga. Ashe manhajar tana ajiye komai, kowane ɗaki da lokacinsa da launinsa. Na ƙirga ja sau ashirin da uku a wata ɗaya. Na ga ranar da gidan ya yini ba haske ko a ɗaki ɗaya, alhali ana nuna motsi a ciki. Ɗana yana kuka a bayan kanta, nono ya jiƙa min riga, na kasa ajiye wayar. Na ɗauki hoton shafukan duka ɗaya bayan ɗaya, na tura wa mijina don kada su ɓace.

Washegari da hantsi na je gidan, lokacin da Aku take makaranta shi kuma yana ofis. Yaya ta buɗe ƙofa, ta rame har zaninta sau biyu ya zagaye ta. Ta ja ni ciki da sauri, ta raɗa min cewa in bi ta duk inda ta sa ƙafa, don in ɗaki biyu suka nuna motsi lokaci guda zai san ba ita kaɗai ba ce. Haka muka riƙa yawo a gidanta kafaɗa da kafaɗa kamar an ɗaure mu, ni da goyona, muna magana ƙasa-ƙasa saboda ƙwan fitila.

Na ce ta ɗauki mayafi mu tafi yanzu. Ta ce shi ke ɗauko Aku daga makaranta, in ta fita ba yarinyar ya riƙe ta ke nan. Ta ce kuma Umma fa, da wane ido za ta dube ta. Ta ce ya ɗan yi sauƙi tunda ba makunni, yanzu mari ne kawai. Kawai, in ji ta. Ta roƙe ni in bari a yi hutun makaranta.

Tana magana ni kuma idona yana bin bango, don aikina ne. Farar roba a falo, farar roba a kicin. A sito, ɗan ɗakin da ba taga, na ture buhun shinkafa da kwalaye, sai ga makunni a bayan katakon jera kaya, ƙasa-ƙasa, ƙura ta rufe shi. Mai gyaran bai gan shi ba, Injiniya kuwa bai san inda ake ajiye shinkafa a gidansa ba.

Na kama hannunta na ɗora a kai. Na ce wayata tana ganin gidan nan. Ranar da abin ya fi ƙarfinta, ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna, kada ta tsaya. Ta ce ai shi ma zai gani. Na ce zai gani, sai dai mu ga wanda zai riga wani isowa.

Tun daga ranar na ƙure ƙarar wayata, ko banɗaki da ita nake shiga.

Kwana tara bayan nan, ranar Laraba bayan azahar, ina auna wa wata mata waya sai wayata ta yi ƙara. Ƙwan sito ya mutu. Ya dawo. Ya mutu. Ya dawo. Na duba sauran ɗakunan, duk ja tun ƙarfe goma sha biyu.

Abin da ya faru, kamar yadda ta faɗa min daga baya, wata riga ce ta Aku da ta yage. Tunda ba haske a ɗakin ɗinki, sai ta jawo keken zuwa baranda inda rana take, ba ƙwai a wurin. Ta zauna ta ɗinke rigar, daɗin aiki ya ja ta, ta ɗauko wasu. Awa uku gidan bai nuna motsi ba. Shi a ofis ya yanke cewa ta fita. Ya ɗauko Aku daga makaranta ya nufo gida.

Na nuna wa Baba Mai Wuta wayar. Ya ɗauki jakar aikinsa da ya yi shekaru bai taɓa ba, ya ba matar haƙuri, ya jawo ƙofar shago. Na goya ɗana na ɗaure shi da majanyi biyu, muka tari tasi.

Muna hanya ƙwayayen gidan suka fara walƙiya, ja, duhu, ja, duhu. Ya gani ke nan. Na tuna an tashi daga makaranta, Aku tana ciki, na danna na mayar da su fari. Ya mayar ja. Na mayar fari. Sau huɗu muna yi, ni da shi, kowa a motarsa. Sai shafin ya goge, aka rubuta an cire ni daga gidan. Baba Mai Wuta ya ce wa direba in yana da 'ya mace ya taka motar nan.

Gidan a hawa na biyu yake. Ƙofa a kulle. Na buga na kira Aku, shiru. Baba ya cusa ƙarfe tsakanin ƙofa da bango ya bi da guduma. Ƙarar ta fito da maƙwabta. Matar da ke fuskantarsu ta leƙo ta ce ita tun ɗazu take jin ihu, amma ta zaci talabijin ce, kuma ba a shiga tsakanin mata da miji. Na ce to ta matsa, mu za mu shiga.

Labule duk a sauke, falon ja wur kamar mahauta. Keken ɗinki a kife, ƙafarsa ɗaya a karye, zare ya warwatse ko'ina. Aku tana ƙarƙashin tebur da rigar makaranta, kanta tsakanin gwiwoyi. A jikin ƙofar sito, daidai wurin da take haɗuwa da bango, jini ne da ɗan farce manne. Daga baya Yaya ta faɗa min, Injiniya ya ce tunda hannun nan ba ya jin bulala, bari ya ji ƙofa. Ya danne shi a wurin ya bugo ƙofar sau uku, ya tura ta ciki ya sa kwaɗo, ya wanke hannu ya koma ofis saboda yana da taro.

Baba ya fasa kwaɗon. Yaya tana zaune a ƙasa jingine da buhu, leɓenta a fashe, ido ɗaya a rufe. Hannun dama yana kan cinyarta kamar ba nata ba, yatsun kowanne da inda ya nufa. Na hagu yana kan makunnin, har lokacin tana dannawa. Sai da na riƙe shi na ce na zo, sannan ta bari.

Mun fito da ita falo ke nan ya shigo. Rigarsa a goge, katin ofis a wuya, waya a hannu. Ya dubi ƙofar da aka ɓalle ya tambaya a natse wa ya ba mu izini. Ya ce wa maƙwabta su shaida, ɓarayi sun fasa masa gida da rana tsaka. Sannan ya ce wa Yaya ta koma inda ya ajiye ta. Da ba ta motsa ba, sai ya miƙa hannu ya damƙi karyayyen hannun ya ja.

Ƙarar da ta yi ba zan rubuta ta ba, ban san yadda ake rubuta ta ba.

Na shiga tsakani. Ya kwaɗa min mari da bayan hannu, ya hankaɗa ni. Ina tafiya baya na tuna abin da ke bayana, na murɗe jiki, fuskata ta daki bango maimakon kan ɗana. Haƙorina ɗaya ya karye, bakina ya cika da jini, yaron ya tsala kuka. Baba ya yi kansa, Injiniya ya ture tsohon ya faɗi kan keke. Bai saki hannun Yaya ba, jan ta yake a ƙasa zuwa sito, gwiwoyinta suna gogar siminti.

Baba ya rarrafa zuwa akwatin mita da ke bayan ƙofa, ya sauke babban makunni. Jan ya ɗauke gaba ɗaya. Wani daga cikin maƙwabta ya yaye labule, rana ta shigo.

Abin da Injiniya ya yi shi ne har yau yake ba ni mamaki. Ya tsaya, ya ɗaga waya ya fara dannawa. Yana riƙe da matarsa da hannu ɗaya, yana danna waya da ɗayan, yana ɗaga kai yana duban silin, ya rasa me ya sa gidansa ya ƙi jin magana. A nan na zaro babbar filaya daga jakar Baba, na haɗa ƙarfina duka na sauke masa a wuyan hannun da ya riƙe Yaya. Ya saki. Na ƙara masa a ɗayan, wayar ta faɗi ta tsage. Ban yi nadama ba, na kuma faɗa wa 'yan sanda haka da bakina.

Sai a lokacin mazan da ke tsaye a ƙofa suka tuna suna da hannuwa. Mutum uku suka danne shi. A ƙasa muryarsa ta fito, wadda bai taɓa ɗagawa ba. Yana cewa gidansa ne, kayansa ne, ta ɓata masa tsari, awa uku ina ta je, a tambaye ta awa uku ina ta je. Rigar Aku da aka ɗinke tana nan a baranda, a ninke kan kujera.

A asibiti hoton ƙashi ya nuna yatsu uku sun karye. Likitar ta ce biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Ta tambayi sana'ar Yaya, da aka faɗa mata sai ta ci gaba da rubutu. Na kai wa 'yan sanda hotunan da na ɗauka, kwana-kwana, launi-launi. Ƙwayayen da ya saya don su kai masa tsegumin matarsa, su suka ba da shaida a kansa. Maganar tana kotu.

Danginsa sun zo sau uku. Wai sharrin shaiɗan ne, wai matsin aiki ne, wai mutum mai ilimi kamarsa kada a ɓata masa suna, a rufa wa juna asiri saboda yarinya. Wani kawunsa har ya ce ai laifin na'ura ne, da ba a kawo ta gidan ba da ana zaune lafiya. Na ce na sayar da irinta ga gidaje sun fi ɗari, ban ji inda ta karya wa kowa yatsa ba.

Umma ta zo asibiti ta daɗe tana kallon hannun. Ta ce ba mu faɗa mata abin ya kai haka ba. Na ce mun faɗa, tun yana shatar bulala, ta ce a daina taɓa bango. Ta yi kuka. Da ta koma gida ta sa aka zare ƙwan da ke saman gadonta. Uwata ce, ina sonta, amma ban lallashe ta ba ranar.

Har yanzu ina sayar da ƙwayayen, suna da amfani ga tsofaffi da marasa lafiya da masu tafiye-tafiye. Abin da na ƙara shi ne tambaya. Duk wanda ya zo saye sai na ce mutum nawa ne manya a gidan, a kawo wayoyinsu duka in saka wa kowa, makunnin bango kuma ba a cirewa. Yawanci dariya suke su ce to. Kwanan baya wani ya haɗe rai ya ce wayarsa kaɗai ta isa, ba ruwan mace da wannan. Baba Mai Wuta ya ɗago daga kujerarsa ya ce masa kayan sun ƙare. Mutumin ya nuna allon da ke cike da su. Baba ya ce waɗannan ma sun ƙare.

Yaya da Aku suna gidana. Ƙwayayenmu na da ne, masu arha, ba su san kowa ba. Sati biyu na lura duk ɗakin da Yaya ta fita sai ta bar fitila a kunne, ita da aka raina a kan kashewa. Na bar ta, mijina ma na hana shi magana.

Jiya da yamma mun gama wanke-wanke, za ta fita daga kicin, sai hannunta ya tashi da kansa ya nufi bango. Saura kaɗan ya tsaya a iska, yatsu biyun a miƙe. Ta juyo ta kalle ni kamar yarinyar da aka kama.

"Kashe, Yaya," na ce. "Ba kowa a ɗakin."

Ta danna. Ƙaramar ƙara ce, ƙas, shi ke nan. Muka tsaya mu duka muna jira, ni ma har da ni, ban san me muke jira ba.

Aku tana bakin ƙofa riƙe da ƙafar ɗana. Wata biyu ba ta haɗa kalma uku a jere ba. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan, ta dubi uwarta, ta dube ni.

"Anti, ku fitilarku ba ta yin fushi?"

Na ce ba ta yi. Ta ce ko an taɓa ta? Na ce ko an taɓa ta. Ta jawo kujera ta hau, ta kunna, ta kashe, ta kunna, ta kashe, ta fara ba ƙanenta labarin yadda ake yi. Mahaifinmu da yana raye da ya yi faɗa. Mu kuwa muka bar ta har ta gaji.